Maginin Yumɓu Ya Suturta Matattunmu, Mu Kuwa Muna Musu Kan Tayil

  

Ba al'adata ba ce in fitar da maganar zaure waje. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alƙalamin Dattijonmu, kuma abu na farko da magatakarda yake koyo shi ne kame baki. Amma akwai shirun da yake zama cin amana. Shi ya sa na nemi izininsa, ya ba ni, na zauna rubuta wannan.

A daren Alhamis ɗin da ta wuce, bayan lisha, muna zaune a zauren Baba ana zuba shayi na biyu, sai wani daga cikin samarinmu ya miƙo wayarsa aka riƙa zagayawa da ita. Hotunan wata maƙabarta ce a ƙasar Tunisiya: fararen kaburbura a jere, hanyoyi shimfiɗe da tayil na tangaran mai zanen hannu, itatuwan zaitun da furanni a tsakani. Yaron ya ce wani mai fasahar yumɓu ɗan ƙasar nan ta Aljeriya ne ya gina ta, don baƙin da teku ke cinyewa. Wani bawan Allah da ya girme ni a shekaru da karatu ya duba, ya mayar da wayar, ya ce: “Aikin masu gumaka ke nan. Mutum ya rasa inda zai kai dukiyarsa sai ƙawata kaburburan waɗanda suka jefa kansu a halaka.” Wasu suka yi dariya, wasu suka gyaɗa kai. Ban ce uffan ba, don ba a musu da babba a gaban yara. Da gari ya waye na same shi a gida na ce: “Allah gafarta Malam, zan amsa maganar jiya a rubuce, ba zan kama suna ba.” Ya ce: “Rubuta, in ka fi ni hujja na bi ka.” To ga amsar, kuma tun da wasu sun yi dariya, amsar ta shafe mu duka.

Bari mu fara sanin wanda aka zaga. Sunansa Rashid Kuraishi, da rubutun Faransanci Rachid Koraïchi. An haife shi a 1947 a garin Ain Baida da ke gabashin ƙasar nan, a gidan ilimi na 'yan Tijjaniyya. Ya yi karatun zane a Aljas, sannan a Faris. Yana aiki da ƙarfe da zare da tawada, amma yumɓu na cikin ginshiƙan sana'arsa: manyan randuna, farantai, tayil, da kwanonin alwala na tangaran da ya gina cikin aikin da ya sadaukar ga Jalaluddin Rumi. A 2011 ya karɓi kyautar Jameel a Landan, wadda ake ba masu fasahar da ke da tushe a al'adun Musulunci. Abin da ya fi damun zuciyarsa tun tuni shi ne mamacin da ba a san kabarinsa ba. Shi kansa ɗan'uwansa igiyar ruwa ta ja shi a Bahar Rum yana iyo. A 2005 ya tsara wani lambun tunawa a fadar Amboise ta Faransa, inda aka tsare Amir Abdulƙadir daga 1848 zuwa 1852, saboda mutum 25 daga iyalai da mabiyan Amir da suka rasu a wannan tsarewa.

Maƙabartar da muka gani a waya tana Zarzis, wani gari na bakin teku a kudu maso gabashin Tunisiya, kusa da iyakar Libiya. Idan kwale-kwalen baƙi ya kife, igiyar ruwa kan koro gawarwaki zuwa gaɓar wannan yanki. An yi shekaru ana rufe su a wani fili gefen juji, inda wani tsohon masunci mai suna Shamsuddin Marzuƙ ya riƙa ɗawainiyarsu don Allah. A 2018 Kuraishi ya sayi fili da kuɗin aljihunsa, kuɗin da yake samu daga sayar da ayyukansa, ya gina wurin da ya kira Lambun Afirka. An buɗe shi ranar 9 ga Yuni 2021, shugabar UNESCO ta lokacin, Audrey Azoulay, ta halarta. Ran buɗewar ma akwai kaburbura sama da 200 a ciki. An shuka zaitun biyar a kan lissafin shika-shikan Musulunci. A kan kowane kabari akwai alama mai ɗauke da abin da aka iya sani: namiji ne ko mace, launin tufar da ke jikinsa, gaɓar da aka tsince shi. An kuma tsara a ajiye shaidar ƙwayar halitta, wato DNA, don in dangi sun zo nema wata rana a iya cewa ga naku.

Wannan shi ne mutumin, wannan shi ne aikin. Yanzu mu auna tuhumar ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, gumaka. Mun karanta gargaɗin da ya zo kan masu suranta abu mai rai, kuma ba ni da ja a kansa. Amma a nuna mini mutum-mutumi guda a wannan lambu. Babu. Fasahar Kuraishi ta haruffa ce da lambobi da alamomi, daga zanen rubutun Larabci ta tsiro, irin zayyanar da mahaddatanmu ke yi wa allo ranar sauka. Idan gasa yumɓu da yi masa zane shi ne gunki, to randar da muke sha a cikinta fa? Kaskon turaren iyayenmu mata fa? Mu da a Kano har gobe ake rufe ramin kabari da tukwane kafin a zuba ƙasa, mu ne za mu ga baƙon abu don magini ya raka mamaci? Daga yumɓu aka halicci ubanmu Adamu, cikin ƙasa kuma za a mayar da mu. Wanda ya ji kalmar “mai sassaƙa” ya yanke hukunci tun kafin ya duba abin da aka sassaƙa, ya yi fatawa da kunne, alhali gani ya kori ji.

Ta biyu, gini da ado a kan kabari. A nan Malam yana da ƙafar tsayawa, kuma ba zan tauye masa ita ba. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk muka bi ta kanta a gaban malamanmu, ta karhanta hakan. Da ni aka shawarta, da na ce a rage ado. Sai dai littattafan nan ba su tsaya a nan ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da aka binne Usmanu ɗan Maz'un, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, don ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa. Muhtasar na Halilu ya halatta sa alamar bambancewa, kamar dutse ko itace. Ashe asalin alama sunna ce, saɓanin yana kan yawan ado da rubutu. Mu kuwa me muka yi? Mun riƙe karhancin da ƙarfi, mun saki farillar. Wanke mamaci, yi masa likkafani, sallatarsa da binne shi farali ne na kifaya: in wasu sun yi, an ɗauke wa sauran, in kowa ya bari, kowa ya ɗauki zunubi. Mutumin da ya tarar ana rufe 'yan Adam a gefen juji ya cire su daga wannan wulaƙanci, mu kuma muna shan shayi muna ƙirga masa tayil. Laifi tudu ne.

Ta uku, wai an haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Teku ba ta ware addini kafin ta amayo gawa, kuma gawar da ta kwana goma a ruwa ba ta faɗin kalmar shahada. Malamanmu na Malikiyya sun riga sun warware wannan: in matattu suka cakuɗa ba a iya bambancewa, a wanke su duka, a suturta su duka, a sallace su da niyyar Musulmin cikinsu. Buhari da Muslim kuma sun kawo cewa Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya tunatar da su cewa rai ne. Cikin Suratul Ma'ida, hankaka Allah ya aiko ya koya wa ɗan Adam yadda ake rufe tsiraicin ɗan'uwa. Idan an karɓi darasin binnewa daga hankaka, ba abin kunya ba ne a karɓe shi daga magini.

Saura ta huɗu, wadda ita ce ta hana ni barci: “waɗanda suka jefa kansu a halaka.” Su wane ne waɗannan? Mu daina kallon Tunisiya, mu juyo kudu. Tsakanin garin nan da In Gezzam tafiyar kilomita kusan 400 ce, daga iyaka zuwa Asamaka kuma kamar 15. A ƙarshen Oktoban 2013, cikin hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar ƙasar nan, aka tsinci gawar mutum 92: yara 52, mata 33, maza 7. Daga Arlit suka taso, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, kuma nan Tamanrasset suka nufo. Gwamnatin Nijar ta yi makokin kwana uku, aka rufe su can cikin rairayi. A Yunin 2016 aka sake tsintar mutum 34 kusa da Asamaka, 20 daga cikinsu yara, kuma lokacin da aka ba da sanarwa biyu kacal aka iya gane ko su wane ne. Waɗannan da harshenmu suka yi kukan ƙarshe. Da sun iso, a unguwanninmu za su sauka. Yaron da aka goyo a baya, shi ma shi ya jefa kansa?

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mu da muka daɗe a nan, muka samu takardu, 'ya'yanmu suka iya Larabci da Tamashek, muna jin kunyar sababbin zuwa. Muna ganin matan da ke bara da yara a bakin titi sai mu kau da kai, mu ce suna zubar mana da mutunci a idon masu gari. Ban ce bara da yara abin yabo ba ce. Na sha faɗa a zauren Baba cewa cuta ce, kuma masu safarar su suna da tambaya a gaban Allah. Amma kakanninmu ma ta wannan hanya suka zo, wasu da ayari, wasu da fatauci, wasu fari ya koro su. Bambancinmu da waɗanda rairayi ya rufe shi ne, namu sun iso. Kunyar da muke ji a kan rayayyunsu ita ce ta bi su har kabari, muka saya mata rawani muka kira ta tsantseni.

Wani zai ce: mamaci ya riga ya tafi, alama me za ta ƙara masa? Shi kam babu, sai addu'a. Amma ku tambayi waɗanda ya bari. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san babin mafƙudi, wato mutumin da ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba. A mazhabarmu, matarsa za ta kai ƙara wajen alƙali, a bincika, in ba a samu labari ba a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. In ba ta da abin ci a dukiyarsa tana iya neman a raba auren, amma mace nawa ce a ƙauye take da mai tsaya mata har gaban alƙali? Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, wanda mafi shahara shi ne saba'in. Ku duba nauyin wannan. Mace na zaune, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Gona na nan ba a san rabon kowa ba. Yara na girma, ba a kira su marayu ba balle a ba su haƙƙin marayu. Uwa na tashi duk lokacin da ta ji tsayuwar mota. Shaida guda ingantacciya cewa wane ya rasu ran kaza a wuri kaza tana kwance wannan ƙulli gaba ɗaya. Alamar da ke kan kabarin Zarzis, mai cewa mace ce, ga launin rigarta, ga inda aka same ta, aikin alƙali take yi da aikin mai rabon gado. Magini ya gane wannan babi fiye da mu da muka haddace shi.

Ba daga littafi kawai nake magana ba. Bara wani mutum ya kira ni daga wani ƙauye a ƙasar Matamaye, an ba shi lambata an ce ni ne mai riƙe da takardun Hausawa. Ƙaninsa yake nema, shekara shida da fitowarsa, ya bar mata da yara uku. Ya siffanta mini shi: dogo, siriri, da tsage a kumatu, da tabon ƙuna a hannun hagu. Na ce: “Yallaɓai, ba ni kwana biyu.” Na buɗe littattafaina. Na samu lissafin gudummawar biki da suna na shekara goma, na samu sulhun rigingimu, har wanda ya ci bashin dinari dubu biyu bai biya ba yana ciki. Shafi ɗaya babu na baƙin da muka sallata ba mu san su ba. Kuma na tuna sarai wata jana'iza da na tsaya a sahunta wajen waɗannan shekaru, ta wani dogon mutum mai tsage. Shi ne? Ba shi ba ne? Ban duba hannunsa ba, ban rubuta rana ba, yau ko kabarin ba zan iya nunawa ba. Na kira mutumin na ce ban samu komai ba. Ya yi shiru, ya ce: “Allah ya saka da alheri, Malam.” Wannan godiyar ta fi mini zagi ciwo. Don haka in ina nuna wa wani yatsa, sauran yatsun ni suke kallo.

Kada a ɗauka ina cewa lambun Kuraishi ya gama magana. Bai hana kwale-kwale ko ɗaya kifewa ba, bai cika rumbun kowa a Kance ba. Shi kansa wurin ya ga jarrabawa. A Satumban 2022 wani jirgi ɗauke da mutum 18 'yan yankin Zarzis ɗin ya nutse, aka binne wasu daga cikinsu a wannan lambu a matsayin baƙin da ba a sani ba, ba tare da an tantance su ba. Da iyalai suka gane, gari ya tashi, aka tono gawarwakin, aka yi yajin aikin gama-gari ranar 18 ga Oktoba. Darasi biyu na ɗauka a nan. Na ɗaya, tayil komai kyansa ba ya maye gurbin rubutu na gaskiya da bincike. Na biyu, mutanen Zarzis sun rufe kasuwanninsu don an binne 'ya'yansu babu suna. Mu 'ya'yanmu nawa aka rufe babu suna, ko shago ɗaya ba mu rufe ba?

Ba na son in yi suka in tashi ban ajiye komai ba. Ga abin da na gabatar wa Baba, ya ce in kawo shi gaban jama'a.

A buɗe littafi na musamman a zaurensa, ni zan riƙe shi. Duk baƙon da ya rasu a hannunmu ko labarinsa ya iso mana, a fara sanar da hukuma kamar yadda doka ta ce, kada kowa ya taɓa gawa kafin jami'ai su zo. Bayan haka a rubuta rana, da wuri, da kimanin shekaru, da tsage ko tabo, da tufafi, da duk takarda ko lambar waya da aka samu a jikinsa, da sunayen mutum biyu adilai da suka gani da idonsu. Mata masu wankan gawa su ma a riƙa karɓar bayaninsu, don su ne ke ganin abin da mu ba ma gani.

A sa wa kabarin alama. Ina ba da shawarar ɗan gasasshen yumɓu kamar tafin hannu, mai lamba kawai, wadda ta dace da lambar da ke cikin littafi. Babu ado, babu aya, babu yabo. In malamanmu sun ga ko lambar ma ta shiga rubutun da aka karhanta, to mun ji mun bi: a sa dutse, ni kuma in zana taswirar sahun kaburbura a littafi. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ce a bari kawai.

A ware wani abu daga asusun da muke tarawa don biki, ya zama na likkafani da kuɗin waya. Direbobinmu da 'yan kasuwarmu masu zuwa Arlit da Agadas da Damagaram su riƙa kai kwafin shafukan ga masu gari da limamai a can. Zumunta a ƙafa take, ta mamaci kuwa a alƙalami.

Allah gafarta Malam, ka ce in na fi ka hujja za ka bi ni. Ban fi ka ba, daga bakin irinku na ɗebo duk abin da na kawo. Roƙona ɗaya: ranar da za a buɗe littafin nan, kai za ka rubuta bisimillar shafin farko. Samarin da suka yi dariya kuma, ku ne masu ƙarfin haƙa, ku ne masu wayoyin ɗaukar hoto; mun fi buƙatar ku a maƙabarta fiye da zaure.

Duk wanda ya san wani baƙo da aka rufe a Utul ko Tamanrasset ba a gano danginsa ba, ko da shekara goma ce, ya same ni bayan la'asar a ƙofar Baba, ya faɗi abin da ya tuna kafin mantuwa ta cinye shi. Allah ya jiƙan waɗanda rairayi ya rufe da waɗanda teku ta haɗiye, ya ba iyalansu labari mai yanke zato, ya saka wa duk wanda ya suturta ɗan Adam da alheri, mu kuma ya sa mu cika da imani a inda za a san kabarinmu.